Shifu Sai, Mai Kau da Kai In Zai Yi Magana

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Da hantsin Talata, sha tara ga Nuwamba, 'yarka Yulan ta kira ni ta ce rai ya yi halinsa. Shifu Sai Guangren (Shifu shi ne malamin sana'a a Sinanci), shekara saba'in da ɗaya ka yi a duniya, talatin da takwas daga ciki a ɗakin goge kiristal na cibiyarmu ta bincike a Jinan, ƙasar Sin.

Mu masu digiri mu ke rubuta yadda hasken leza yake shiga kiristal da launin ja ya fito kore, amma kai ne ka san halin kiristal ɗin. Wata goma sha huɗu ake renonsa a tankin ruwa, sannan a yanko a kawo maka ka goge fuskarsa. Tabo ɗaya ya isa ya sa haske ya fito dabbare-dabbare, ya ƙone madubin da ke gabansa. Ga shi ɗan'uwan gishiri ne, danshi kaɗan ke cin sa. Shi ya sa ko da takunkumi a bakinka ba ka magana sai ka kau da kai gefe. Abin ya bi ka har gida. Matarka ta sha yi mana ƙorafi cewa kusan shekara arba'in tana hira da kunnenka.

Akwai abin da na ɓoye wa abokan aikinmu shekara goma sha shida, yau zan faɗa.

Watana huɗu da fara aiki, ba a ma tabbatar da ni ba, na shigo na tarar ka gama goge kiristal mafi girma da muka taɓa samu. Ɗoki ya ɗebe ni, na ja takunkumina ƙasa, na sunkuya na ce, "Kai, Shifu, ya yi kyau!" Nan take danshin numfashina ya sa fuskar kiristal ɗin ta dushe. Da aka kunna leza, hasken ya fito kamar jikin mai ƙyanda. Shugaban sashe ya tara mu, ya rantse wanda ya yi wannan aika-aika ya gama aiki a nan.

Ka miƙe, ka dubi bango, ka ce, "Atishawa ce ta kufce mini. Tsufa ne."

Ƙaryar da kaɗai na taɓa ji daga bakinka ke nan. Ba su iya korar ka ba, amma sun sauke ka daga shugabancin ɗakin, suka ɗora wanda kai ka koya wa riƙon kayan aiki. Sati bakwai ka yi kana sake gugar. Ni kuwa, matsoraciya, na ja bakina na yi gum. Da na same ka kana cin taliyarka da naman sa, ina hawaye, sai ka janye kwanon.

"Dakta Mi, matsa can, kar ki jiƙa min wannan ma. Ni hannu gare ni, ke kai gare ki, injin leza ɗin nan kuma duka biyun yake so. Je ki yi aiki. Amma don Allah ki riƙa rufe bakin nan."

Makon jiya, kana kwance a asibiti, na kai maka hoton hasken sabon injinmu, zagayayye, tas, babu ɗigo. A gaban Yulan na faɗi gaskiyar abin da ya faru. Ka daɗe kana duban hoton, sannan ka juya wajen bango za ka yi magana.

Yulan ta ce, "Haba Baba, ba a wurin aiki kake ba. Ka dube ta mana."

Ka ce, "Na sani. Shekara sha shida ina gugar wannan yarinyar, sai yanzu zan ɓata ta?"

Maganarka ta ƙarshe da na ji ke nan, kuma har yanzu na kasa tuna ta ban yi kuka ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, da Yulan, da jikokinka, da jama'ar masallacin unguwarku da suka sallace ka. Allah ya ba mu haƙuri. Kai da ka rufa mini asiri, Shifu, Allah ya rufa naka, ya yafe maka atishawar da ba ka yi ba, ya cika kabarinka da haske marar tabo.