Ranar da Kaka ta tashi ceton magajin gari

Ko da zan manta hanyar gidanmu, ba zan manta ranar da na kusa sa a kama kakata a ginin majalisar dokokin Amurka ba. Shekarata goma sha uku a lokacin, kuma bakina ya fi ƙarfina.

Malamarmu ce ta ba mu aiki, kowa ya je ya kalli wani zaman hukuma da idonsa ya rubuto abin da ya gani. A makon kuwa 'yan majalisa sun kira magajin garin wani babban birni su titsiye shi kan sauyin yanayi da kiwon lafiya da baƙin da ba su da takardu. Ana barin jama'a su zauna a baya in dai za su yi shiru, amma yaro sai da babba. Mama tana aiki a asibiti, Baba yana tuƙin tasi. Wadda ta rage a gidanmu na garin Lanham ita ce Kaka, mahaifiyar Baba, wadda wata biyar ke nan da zuwanta daga Kano, Turancinta bai wuce gaisuwa ba.

Da Baba ya sauke mu sai ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Hajiya, don Allah a zauna shiru. Takardunki na izinin zama suna hannun hukuma, ba na son abin da zai haɗa ki da ɗan sanda." Ya juyo kaina. "Kai kuma abin da aka faɗa shi za ka faɗa mata."

Na ce to, da fuska irin ta limamai.

Ni da Kaka akwai wasan jika da kaka. Tana ce mini maigidanta, ni kuma nakan shirga mata ƙarya ta gano mu yi dariya. A zatona majalisa ma falonmu ce.

Magajin garin dattijo ne mai furfura, an ajiye shi shi kaɗai a tebur, 'yan majalisa sun jeru a sama suna kallonsa kamar an kama ɓarawon akuya. Kowannensu minti biyar gare shi, kuma babu wanda yake son ya ba dattijon ko rabin minti daga ciki. Na farko ya tambaye shi dalilin hana sa murhun gas a sababbin gidaje.

Kaka ta taɓo ni. "Maigida, me ya ce?"

Na raɗa mata, "Wai ya hana girki a garinsu. Ɗanyar shinkafa suke tauna."

"Subhanallahi! To gara su tambaye shi."

Wata 'yar majalisa ta tambaye shi harajin da ya ɗora wa lemon kwalba. Na ce wai duk wanda aka gani da sukari a shayi sai an ƙwace masa kofi. Kaka ta yi tsaki, ta ce wannan mutumin ba shi da imani. Ni kuwa cikina har ciwo yake don dariyar da nake dannewa.

Sai aka zo kan wani matashin ɗan majalisa mai sanƙo. Ya ɗaga murya, yana nuna dattijon da yatsa, yana tambayar me ya sa asibitocin birnin suke duba mutane ba a tambayar takardunsu. Dattijon ya buɗe baki, ya katse shi. Ya sake buɗewa, ya sake katse shi.

Kaka ta gyara zama. "Wannan yaron ba shi da uwa ne? Me dattijon ya yi masa?"

A nan ya kamata in tsaya. Maimakon haka na ce, "Baƙi ya sauka a garinsa, ya ba su magani. Shi ne za su ɗaure shi. Yau ba zai kwana gida ba."

Na manta cewa a unguwarsu Kaka ce mai raba faɗa. Ko maƙwabta ne, ko 'yan kasuwa, ita ake kira. Kafin in ƙifta ido ta miƙe, ta gyara mayafi, ta bi tsakiyar ɗakin da ciwon gwiwarta, ta durƙusa ta ɗaga hannu biyu.

"Ku dubi girman Allah ku ƙyale bawan Allahn nan! Girkin da ya hana, ya yi laifi, ni ma na ji haushi. Amma don ya sauki baƙo? Kai mai sanƙo, sauke yatsan nan, ya haife ka!"

Shugaban zaman ya buga gudumarsa kamar mai fasa ƙwaƙwa. Masu ɗaukar hoto kusan dubu, to, wataƙila shida ne, suka juyo. 'Yan sanda biyu suka ɗaga ta a hankali suka yi waje da ita, ni ina biye. Kaka kuwa sai cewa take, "Fassara musu, maigida, ka ce ban gama ba."

A baranda wata 'yar sanda ta fito da littafi. Ta ce zanga-zanga a cikin zama laifi ne, tana son takardar shaidar Kaka da sunan ƙungiyar da ta turo ta. Nan dariya ta ƙare mini. Na ga takardun Kaka sun lalace, na ga jirgi yana mayar da ita, na ga fuskar Baba.

Sai na fashe da kuka na faɗi komai da Turanci, har ɗanyar shinkafar da kofin shayin. 'Yar sandan ta daɗe tana kallona, leɓenta yana motsi. Abokin aikinta ya juya baya kafaɗunsa suna girgiza. Daga ƙarshe ta rufe littafin ba ta rubuta komai ba, ta ce mu tafi gida, amma sai na faɗa wa kakata gaskiya a gabanta.

Na faɗa. Kaka ta ce, "Wato ba za a ɗaure shi ba?"

"A'a."

"Kuma suna girki?"

"Suna yi, da lantarki."

Ta miƙo hannu wajen kunnena. Na ja baya na ce, "Kaka, a ƙasar nan in kika ja kunnen yaro a gaban 'yan sanda, da gaske za a iya kama ki!"

Ta ce, "Wannan ma ƙarya ce," ta murɗe shi sai da na ga taurari. 'Yar sandan ta ɗaga kai tana nazarin silin.

Takardun Kaka sun fito lafiya daga baya. Amma tun ranar ta sauke ni daga muƙamin tafinta, ta naɗa ƙanwata mai shekara tara wadda Hausarta duk a karye take. Ko asibiti za ta, ita take ɗauka. Abin ya yi mini ciwo fiye da kunnen. Yanzu na gane cewa wanda ba ya jin yaren wuri, kunnensa gaba ɗaya ya damƙa maka. Har yau ina ƙara gishiri a labari, amma sai ga wanda zai iya gano ni da kansa.