Kaset Uku, Kwali Iri Ɗaya

Yayana mai ɗinkin kujeru ne, amma duk layinmu ba mai kiransa da sana'arsa. Tariyo ake ce masa, don ba ya kallon faɗa sau ɗaya. Jarumi na yin wani tsalle zai tariyo kaset ɗin, ya sake tariyowa, har mu da ke zaune a ƙasa mu gaji mu watse. Tun yana saurayi yake tara tsofaffin finafinan Chanis, irin waɗanda masu haya ma sun manta da su. Duk shagon hayar da zai rufe, Yaya ne ke fara jin labari, ya je ya kwashe abin da aka ware na zubarwa. Ɗakinsa na bayan shago warin gam da soso yake yi, kantocin kaset har rufi, kowanne yana shan goga da auduga.

Matarsa ta yi mita har ta gaji, ni ma na yi masa tsiya iya tsiya. Amma mutumin nan bai sha ba, bai yi caca ba, bai bar yaransa da yunwa ba. Abin da ya zaɓa wa ransa ke nan, kuma da guminsa ya tara.

Akwai fim ɗaya da ya fi ƙauna, labarin wani tsoho mai fito da mutane a kwale-kwale. Kaset uku yake da su na fim ɗin, kwali iri ɗaya, kuma ba haɗama ba ce. Na farko hotonsa tas, amma an yi masa yankan rashin imani. Na biyu ya dusashe, da wani yare ma suke magana, sai dai yana da tsakiyar labarin. Na uku ya yi fumfuna, hoton sai rawa yake, amma shi kaɗai ke da faɗan cikin ruwa, inda tsohon ya tare bos, mugun fim ɗin, da sandar tuƙi. Yaya ya san daidai inda zai cire wannan ya sa wancan, a haka fim ɗin ke cika. Ya sha gaya mana bai taɓa jin wani mai na ukun ba.

Bara ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Yana asibiti babban ɗansa ya zo daga inda yake aiki, da zafinsa, wai zai gyara ɗakin bayan shago don Baba ya koma can ya huta da hawa benen gidansu. Niyya mai kyau, ban musa ba. Ya kwashe kaset ɗin ya kai wa mai kwamfuta a juye su a filashi. Duk inda ya ga kwali iri ɗaya sai ya zaɓi mai kyan hoto, sauran ya ce maimai ne. Da aka gama juyewa ya tara komai a buhuna ya miƙa wa motar shara, ya sa aka yi wa bango fenti.

Ranar da na shiga na ga ɗakin fayau, sai na nufi wurin yaron. Na tambaye shi ina kaset ukun nan na mai kwale-kwale.

"Gwaggo, ai fim ɗaya ne," in ji shi. "Biyun duk sun lalace, na ɗauki mai kyan."

"Wa ka tambaya? Uwarka na gidan, ni ina nan ban mutu ba. Wa ka tambaya?"

Sai ya hau yi min bayanin ƙura da lafiyar huhu, wai kuma yanzu komai na intanet. Na ce ya nemo min a can. Ya nema har wayarsa ta yi zafi, ko sunan fim ɗin bai samu ba. Na bi sawun motar sharar har juji, aka ce an riga an cinna wa na ranar wuta. Na dawo ina huci, takalmina duk toka. Abin da ke ƙona min rai, yaron nan a cinyar ubansa ya girma gaban talabijin ɗin nan, amma bai taɓa lura da abin da hannun uban ke yi ba.

Da aka sallamo Yaya, abin da ya fara nema da ishara fim ɗin ne. Ɗan ya jona filashi yana ta fara'a. Muka zauna. Aka zo inda bos ya tako bakin ruwa, Yaya ya gyara zama, ya zuba ido. Hoto ya yi tsalle, sai ga tsohon a gaɓa yana wanke sanda, an gama komai. Yaya ya juya a hankali ya dubi bangon da kantoci suke a da. Ya daɗe yana dubansa.

"Baba, ka ga yadda hoton ya fito tas?" in ji ɗan.

Na zuba wa Yaya ido ina jira ya ture rimot, ko ya kau da kai, ko ya yi gurnani. Sai ya kalli yaron, ya gyaɗa masa kai, har da ƙoƙarin murmushi da rabin bakin da ya rage masa. Ya rufa wa ɗansa asiri. Ni ce na kasa, na suri mayafina na fita kafin bakina ya yi ɓarna.