Ruwan Wankan Yara da Na Ƙi Zubarwa

Akwai abin da ya faru a tsakar gidana a unguwar Jambutu ta garin Garwa wanda na san ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah. Shekaru sun wuce, yaran da abin ya shafa sun girma, amma duk ranar da na tuna sai na ji kamar jiya aka yi.

A lokacin zafin watan Afrilu ne, irin zafin Garwa da ko bango ka jingina da shi sai ya ƙona ka. 'Ya'yana biyu, mace mai shekara biyar da ƙaninta mai shekara biyu, ƙurajen zafi sun cika musu baya da wuya. Maigidana, wanda yake fataucin shanu, ya dawo daga kasuwa wata rana da kwamin roba irin wanda ake hurawa, shuɗi, da zanen kifaye a jiki. Yaran unguwa suna ce masa fisin. Muka ajiye shi ƙarƙashin darbejiya, muka cika shi da ruwa. Ban taɓa ganin murna irin ta ranar ba.

Matsalar ita ce ruwa. Famfonmu a lokacin zafi sai ya kwana uku bai kawo ko ɗigo ba, sai mu sayi na masu turawa a amalanke, shi ma yana tsada saboda kowa nema yake. Kwamin nan kuwa yana shanye jarka shida kafin ya cika. Ni ce mai riƙon cefane, na san abin da ke hannuna. Don haka na yi wa kaina dabara. Idan yara sun gama wasa sai in tace ganye da ƙura da tsohon ɗankwali, in zuba murfi ɗaya na ruwan jabel, wannan da muke wanke farin kaya da shi, in rufe kwamin da leda. Ruwa yakan yi kwana huɗu, har biyar, yana nan garau. Ina ma alfahari da hakan, har na koya wa maƙwabciyata.

Ana cikin haka yayata ta zo biki daga Kaele. Adda nake ce mata, kamar yadda muka taso muna faɗa. Ta zo da 'yarta mai shekara uku, wadda ta samu bayan shekara goma sha ɗaya da aure ba haihuwa. Ita kaɗai gare ta. Ko ƙofar gida ba ta barin yarinyar nan ta fita ita kaɗai. Amma da aka gama biki yarinya ta liƙe wa kwamin nan, ta yi ta kuka ba za ta tafi ba. Ni na sa baki.

"Adda, ki bar min ita mako ɗaya. In babansu zai bi ta wajenku sai ya kawo miki ita."

Ta daɗe tana kallon 'yar, sannan ta ce, "Ban taɓa kwana ba tare da ita ba. Amana ce na ba ki."

Na yi dariya na ce ta kwantar da hankalinta.

Kwana uku bayan tafiyarta, da azahar, yara suna cikin ruwa sai babbar 'yata ta ƙwala min kira. Ƙaramin ya yi bayan gida a cikin kwamin, kuma cikinsa ya ɗan lalace tun safe. Na fito da su duka, na tsaya ina kallon ruwan. A safiyar ranar na cika shi. Famfo a bushe, maigida yana kasuwar Bibemi, kuɗin da ya rage min na abinci ne. Zuciyata ta ce in zubar. Sai na ce a raina ai ɗan kaɗan ne. Na kwashe abin da ido yake gani da moɗa, na tace, na zuba murfi biyu na jabel maimakon ɗaya. Bayan la'asar na bar su suka koma ciki. Ina zaune ina tsince shinkafa, ina kallon 'yar Adda tana cika baki da ruwan tana fesawa, tana ƙyalƙyala dariya.

Kwana biyu a tsakani, da safe, 'yar Adda ta tashi da amai. Kafin rana ta take gudawa ta biyo, ba tsayawa. Na ba ta ruwan gishiri da sukari, duk abin da ta sha sai ya dawo. Zuwa azahar idanunta sun faɗa, na kira sunanta ta buɗe ido da ƙyar ta sake rufewa. Na bar nawa yaran wajen maƙwabciya, na goya ta, na tsayar da mai babur. Duk hanya ina jin kanta yana lilo a bayana.

A asibitin unguwa wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa, ta karɓe ta. Sai da suka nemi jijiya sau uku kafin su samu su ɗaura mata ƙarin ruwa. Bayan nan matar ta juyo gare ni tana haɗa Hausa da Fulatanci, ta tambaye ni abin da yarinya ta ci da ruwan da ta sha. Na lissafa mata komai, ban ambaci kwamin ba. Har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Na buga wa Adda waya. Ba ta yi kuka ba, ta ce kawai, "Gani nan." Kafin magariba ta iso, mayafinta duk ƙurar hanya. Ta durƙusa gaban gadon, ta kama ƙafar 'yarta ta riƙe, leɓɓanta suna motsi. Can ta ɗago ta ce min, "Kada ki damu kanki, ƙanwata. Ciwo na Allah ne. Na san kin kula da ita fiye da ni."

Wannan maganar ce ta karya ni. Na zauna a ƙasa na faɗa mata komai a gaban ma'aikaciyar jinyar, tun daga ruwan da nake ajiyewa kwanaki har abin da ɗana ya yi a ciki da abin da na yi bayan haka. Adda ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Kin gani da idonki, kuma kika mayar da ita ciki?" Na ce e. Ta juya min baya.

Ma'aikaciyar jinyar ce ta ja ni waje. Ba ta yi min faɗa ba. Ta ce ba za ta rantse cewa ruwan ne ba, amma da wuya a ce ba shi ba ne. Ta ce jabel ba ya daɗewa a ruwan da rana take duka, kuma akwai ƙwayoyin cutar da ba ya kashewa nan take, balle an auna shi da ka. Ta ce, "'Yata, ƙaramin kwami ba a ajiye ruwansa. Ki zuba kaɗan, iya idon sawu ya ishe su wasa. In sun gama ki wanke bayi da shi ko ki ba bishiya. Ki goge kwamin da sabulu, ki kife shi a rana. Yaron da cikinsa ya lalace kuwa kada ya shiga."

Kwana uku muka yi a asibitin. Ina kawo abinci, Adda tana karɓa ba tare da ta dube ni ba. A rana ta uku da hantsi yarinyar ta tashi zaune ta ce tana son kunu. Adda ta fashe da kukan da ta riƙe tun zuwanta. Na tsaya daga bakin ƙofa, ban san ko in shiga ba. Sai ta ce, ba ta ko juyo ba, "Je ki dama mata. Naki ta fi so."

Ta yafe min, amma sai da aka yi shekara biyu kafin ta sake barin 'yarta ta kwana a gidana, kuma ban ga laifinta ba.

Kwamin ban jefar da shi ba. Na bi abin da dattijuwar nan ta koya min, sai na ga jarka biyu sun ishe su, kuma ruwan ba ya asara tunda aikin gida nake yi da shi daga baya. Na je na warware wa maƙwabciyata dabarar da na koya mata, na gaya mata dalili.

Abin da na koya shi ne, ruwa yana iya yin garau alhali cuta na cikinsa, kuma tattalin da zai taɓa lafiyar yaro ba tattali ba ne. Ranar nan na san abin da ya kamata in yi, na ƙi yi don ina ganin asara. Yanzu idan zuciyata ta ce min abu bai dace da yaro ba, ba na tsayawa yin ciniki da ita, musamman idan ɗan wani ne aka bar min.