Takardun da Na Ƙona da Damina

'Yata ta uku sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata nake ce mata. Ita kaɗai ta yi karatun kwamfuta a gidanmu na Gwale. Ni daga firamare ɗinki na kama.

Aikinta na shekarar ƙarshe a jami'a a kan wani tsohon kati ne da ta sa a cikin kwamfutarta, GPU suke ce masa. Ta ce min kamar shago ne mai teloli dubu, amma ba mai taka keke sai an rubuta masa abin da zai yi dalla-dalla. Wannan rubutun take kira kanal, da kanta take yin sa. Bayanin yadda ake sarrafa katin yana intanet. Ta buga shi a takarda har ya cika kwali, ta bi gefen kowane shafi da biro tana rubuta abin da ta gano. A sama kuma ta sa Bisimillah, yadda na koya musu.

Da damina ta je biki Zariya. Indararo ya toshe, ruwa ya sauko ɗakinta, kwalin ya jiƙe. Mahaifiyarta ta ce a shanya. Na ce takarda mai sunan Allah ba za ta kwanta a tsakar gida kaji su taka, iska ta kai ta kwata ba. Na yayyafa kananzir na ƙona su, na binne tokar. A zatona abin da ke intanet ba ya ɓata.

Da ta dawo ni na gaya mata, ko kunya ban ji ba.

"Sai ki sake bugawa, Uwata."

Ta kunna kwamfutar ina tsaye a bayanta. Ta danna adireshin farko, shafi ya fito fari, wai babu. Na biyu ma haka. Masu katin sun daina yin sa, sun kwashe bayanansa.

"Ko sabis ne?" na ce.

"Ba sabis ba ne, Baba. Gidan aka rushe, lambar ce ta rage."

"Na biron fa? Ai yana kanki."

"Aikin wata takwas ne. Kai kana tuna awon duk wanda ka yi wa ɗinki bara?"

Ba na tunawa. A littafi nake rubutawa.

Sati uku suka rage mata ta miƙa aikin. Ta yi ta gwadawa, katin yana ba da lissafi karkatacce, ba inda za ta duba ta ga dalili. Ta maimaita shekara, aka ba ta wani aiki mai sauƙi, ƙawayenta suka tafi bautar ƙasa ba ita. Ba ta ƙara rubuta kanal ba.

Sai bayan shekara biyu na iya buɗe baki na ce ta yafe min. Tana ninke kaya, ba ta ɗago ba.

"Ba komai, Baba," ta ce da sauri, irin yadda ake ce wa wanda ya taka mutum a kasuwa.