Kawu Kumfa da Wurin da Ruwa Ya Yi Shiru

Duk uwar da 'ya'yanta ke zuwa bakin teku, ta ajiye abin da ke hannunta ta karanta wannan har ƙarshe. Ban rubuta don a tausaya mini ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan jiya, Allah Ya karɓi ran ƙanena bayan gajeriyar jinya. Injiniya ne a cibiyar binciken gaɓar teku. Aikinsa shi ne lissafa yadda igiyar ruwa ke tasowa ta fashe a gaɓa, da hanyar da ruwan ke bi ya koma. 'Ya'yana mata suna kiransa Kawu Kumfa, don ko hira ake yi idonsa na kan kumfar teku.

Autanmu, ka sha faɗana. Kullum ka zo gidana sai ka ture faranti ka kafa kwamfutarka a teburin cin abinci, abinci ya huce kana ƙirga ruwa. Maƙwabta suna ce maka bokan teku, kai kuwa sai murmushi.

Ba zan manta ranar da 'yan matana suka yi maka fahariya cewa sun samo wurin wanka mai lafiya ba, inda ruwa ke kwance lumui, babu igiya. Fuskarka ta canza. Ka juyo musu da kwamfutar, ga hoton gaɓar: farar kumfa a dama, farar kumfa a hagu, baƙin layi a tsakiya. Ka ce duk ruwan da igiya ta jibge a gaɓa dole ya nemi ƙofar fita, kuma wurin da ya yi shiru shi ne ƙofar. Ba su yarda ba. Ka kwashe mu har can, ka zaro lemon zaƙi daga jakata ka jefa inda ruwan ya yi shiru. Muna tsaye ya miƙe cikin teku kamar an ɗaura masa zare, har ya ɓace.

Ƙaramar ta ce, "Kawu, ka yi asarar lemon Mama."

Ka ce, "Gara lemo da ke, sarkin surutu."

Tun daga ranar, duk ƙarshen mako sai ka kira ka faɗa mana inda ƙofar ta koma, domin yashin ƙasan ruwa ba ya zama wuri ɗaya. Ba mu kaɗai ba, har iyayen unguwa da ke yi maka dariya. Ba ka taɓa gajiya da su ba.

Yanzu wayar ta daina ƙara. Shekaranjiya kuma na ji babbar tana ce wa ƙannenta ai ta haddace wurin da Kawu ya hana, sauran duk lafiya. Wurin da ta haddace ya riga ya tashi, mai faɗa mana inda ya koma yana kabari.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa rayukan da ka tsare su zama shaida gare ka. Ga matarka, da mahaifiyarmu, da abokan aikinka, Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Ku kuma 'ya'yana, ku ji da kyau, ba zan maimaita ba. Daga yau babu mai zuwa bakin teku ba tare da ni ba. Babu mai sa ƙafa inda babu kumfa. Kafin kowa ta cire takalmi, lemo ne zai fara shiga. In ya tafi, gida za mu koma.