Ƙafar Malam Garba

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da Malam Garba na Maje ya riƙe mini riga ba. Zamanin mulkin soja ne, garin nan ana ce masa Abuja, ba a mayar da shi Suleja ba tukuna. Ni lebura ne a ɗakin tiyata. Ban yi boko ba. Aikina tura gado, wanke daɓe, da kwashe duk abin da likita ya yanke in kai wani rami a bayan asibiti, in zuba kananzir in ƙone.

Malam Garba manomin doya ne. An kawo shi da tsohon gyambo a ƙwauri, ya ƙi jin magani, nama ya tsiro a bakin gyambon. Saboda wari aka mayar da gadonsa bakin taga. An yanki ɗan naman aka aika Zariya, amsa ta dawo cewa ciwon daji ne. Ƙa'ida ita ce, likita ba ya yanke wa mutum gaɓa sai mai ita ya yarda, ya dangwala yatsa a takarda. Aka sa ranar Talata likita zai zauna da shi. In ya ƙi, ciwon zai hau cinya ya shige ciki, shi ke nan.

Wansa da ke jinyarsa ya riga ya ɗaure kaya. Ya ce su ba a yanka su, gida za su koma. A gidansu kuwa in babba ya yi magana, ƙane ba ya ƙarawa.

Ranar Litinin da hantsi ina goge ƙarƙashin gadonsa, wan ya fita sayen koko, sai na ji an riƙe ni.

"Tanko, kai ne mai kwashewa, ko?"

"Ni ne."

"Ina kake kaiwa?"

An hana mu yi wa marasa lafiya wannan zance. Sistar da ke kula da sashenmu, wata 'yar Filato, ta taɓa sa an kori wani lebura a kan haka. Amma mutumin ya zuba mini ido. Na ce masa rami, da wuta.

Ya ce, "Ba wuƙar nake tsoro ba. Ƙafar da nake wankewa in tsaya gaban Ubangiji da ita, ita za ka ƙona tare da tsummokara?"

Na ce, "Ni ba ni da iko. Gobe ka tambayi likita ko za a ba ka abinka."

"Ni? Yayana yana zaune?"

Na kife bokiti na zauna a kai. Na ce, "To ka ɗauka ni ne likita. Faɗa."

Wani tsoho a gadon gefe ya ce, "Kai, yau ga likita mai tsintsiya!" Shi kaɗai ya yi dariyarsa. Malam Garba ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Na ce ya sake. Ya yi ta sakewa har maganar ta zauna a bakinsa. Shi da kansa ya ƙara wata tambayar, ko in an yanke ciwon zai dawo.

Talata na tura shi ofishin likita a keken marasa lafiya, na tsaya bakin ƙofa. Likitan ɗan Indiya ne, Sista ke fassara. Ya yi bayaninsa ya gama. Wan ya ce, "Mun gode, likita. Mu za mu tafi." Malam Garba ya sunkuyar da kai, gumi na ɗiga daga gemunsa. Likita ya soma tattara takardu. Na ce a raina mutumin nan ya mutu.

Sai na ji, "Yaya, ka gafarce ni. Ina da tambaya." Ya dubi likita. "In an yanke, a ba ni ita a binne. Kada a kai ta rami."

Sista ta juyo ta dube ni. Sannan ta fassara.

Likita ya ce ƙafa tasa ce, a ɗauka. Da aka zo tambaya ta biyu, ya ce ba zai rantse ciwon ba zai dawo ba, amma in an bar shi zai kashe shi.

Can wan ya ce, "Ashe ana bayarwa?" Ya goge fuska da hularsa. "To ni zan haƙa mata a Maje."

Malam Garba ya miƙa yatsa.

Bayan an yi aikin Sista ta kira ni, na tafi ina jiran kora. Ta ce, "Tanko, bakinka ya yi tsawo." Sannan ta miƙo mini farin ƙyalle daga sito. Ni na naɗe ƙafar, na ba wansa hannu da hannu. Malam Garba ya koma gida da sanduna, ya ga auren 'yarsa kafin ciwon ya dawo.

Ku da kuke aikin yanzu, in mara lafiya ya ce a'a, kada ku yi saurin kawo takardar sallama. Ku tambaye shi me yake tsoro. Yawancinsu akwai abin da suke son tambaya, bakin ne ya yi musu nauyi.