Majigin Malam Ila na Ranuna

Da safen nan, shayi na hannuna, aka bugo mini waya: Malam Ila na unguwar Ranuna ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun da daɗewa ake raɗe-raɗin wai bai iya Faransanci ba. Ni ban yarda ba. Mutumin Damagaram ne fa, mu Kanawa kuwa a wurinmu duk ɗan Nijar da Faransanci aka haife shi.

A shekarun saba'in ne, muna leburanci a nan Madina. Ila ya sayo tsohon majigi a gwanjon Jidda, haɗe da finafinan Faransawan da, marasa magana. Duk na ofis ne. Akawu na gyangyaɗi a kan tebur, manaja mai gashin baki na bin sa da sanda, tawada ta kife a kan takardu.

Ran Alhamis bayan magariba sai ya rataya farin zani a tsakar gidansa. Da rubutu ya fito, ya gyara murya ya fassara: "Ya ce, kai ɗan banza, barci aka kawo ka yi?"

Mu da ko ƙofar ofishin iƙama, wato takardar izinin zama, muka hango sai gabanmu ya faɗi, ga mu nan muna birgima a tabarma.

Wata rana aka zo da wani malamin makaranta daga Maraɗi, mai Faransanci na gaske. In malamin ya ƙaryata shi, Ila ba zai ƙara ɗaga kai a Ranuna ba. Da aka gama wani ya ce, "Ya ustaz, haka aka rubuta?"

Malamin ya share hawayen dariya. "Haka ne. A ƙaro mana wani."

Na riƙe wannan hujja shekara da shekaru.

Bara na je gaishe shi a gidan 'yarsa a Uhudu, jikoki na ta amsa mini da Larabci. Ya riƙe hannuna ya ce, "Habu, ni da rubutun nan ko gaisuwa ba ma yi. In na ga wanda ubangidansa ya ɓata wa rai a makon, sai in raɗa wa manaja sunan ubangidan, kafin ya faɗa kwandon shara."

Mutane da yawa sun gaya mini, duk na ƙaryata su. Na ƙarshe da ya gaya mini, Ila ne da bakinsa.

Allah ya jiƙan ka, Ila, ya faranta maka kamar yadda ka faranta wa baƙi. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.